Yadda Ake Leƙa Cikin Robar Da Ba Ta Narkewa

Ku ɗauki tukunyar zamani ko tsohon dutsen guga na lantarki, ku duba mariƙinsa. Yawanci baƙi ne wuluk ko ruwan ƙasa mai duhu, yana da ɗan nauyi a hannu, idan kun ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara kamar tangaran. Ya shekara goma yana shan zafi bai lanƙwashe ba. Ko ranar da harshen wuta ya ci ƙarfinsa, ba ya ɗiga kamar leda. Sai dai gefensa ya ƙone ya yi gawayi, ya saki wani wari mai kama da na maganin da ake wanke ɗakin asibiti da shi. Wannan warin na finol ne, kuma robar da aka yi mariƙin da ita sunanta ƙaron finol.

Roba gida biyu ce. Akwai irin ta buta da bokiti da leda, wadda ƴan gwangwan ke tarawa a kai wa masu niƙa, a narka ta a sake zuba ta ta zama wani abu. Akwai kuma wadda halinta halin yumɓu ne: muddin ba a gasa shi ba, maginiya na iya jiƙa shi ta sake cuɗawa, amma da ya shiga wuta ya fito tukunya, magana ta ƙare. Ƙaron finol yana gida na biyu. Da ya daskare, zafi ba ya narka shi, kuma babu ruwan sinadarin da ke jiƙa shi. Wannan taurin kan shi ne amfaninsa, shi ne kuma ya hana masana ganin cikinsa na tsawon shekara kusan 70.

Tun 1872 wani masani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya haɗa finol da dangin fomaldihaid ya sami wani danƙo mai tauri da ya ƙi fita daga kwalba. A wancan zamanin ana ganin irin wannan ɓarnar aiki ce kawai. Leo Baekeland, haifaffen Beljiyam da ya koma Amurka da zama, shi ya ga arziki a cikinsa. Ya riga ya yi kuɗi da takardar wanke hoto da ya sayar wa George Eastman, sai ya zauna a ɗakin gwajinsa na garin Yonkers yana neman abin da zai maye gurbin wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya, wanda ake shafe wayoyin lantarki da shi. A 1907 ya gano cewa idan aka dafa haɗin cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai matsi, ba ya kumfa ya lalace, yana fitowa sumul da siffar mazubin da aka sa shi. Ya sa masa suna Bakelite, ya bayyana shi ga duniya a 1909. Ita ce roba ta farko da ɗan Adam ya haɗa tun daga tushe, ba tare da ya ɗebo ta daga itace ko dabba ba. Yau tana cikin soket da makunnin wuta, da gam ɗin da ke riƙe katakon filawud, da dutsen wasa ƙarfe na masu walda, da abin da ke matse ƙafar mota idan direba ya taka birki.

Ginin nata ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayar finol zobe ce mai kusurwa shida, kowace kusurwa kabon ɗaya, a ɗaya daga ciki kuma akwai oksijin da haidurojin a maƙale. Wurare uku ne kawai a jikin zoben ke karɓar baƙo: biyu da ke maƙwabtaka da oksijin ɗin, dama da hagu, ana ce musu oto, sai ɗaya da ke can ɗaya ɓangaren yana fuskantarsa, ana ce masa fara. Ku ɗauka finol mai hannu uku ne. Fomaldihaid kuwa, wanda aka fi sani da fomalin a asibiti, ɗan ƙarami ne mai kabon ɗaya, aikinsa ya zama gada tsakanin hannun wannan zobe da na wancan. Da hannu biyu ne da finol, da sarƙa za a samu, kuma sarƙa tana zamewa a kan ƴar'uwarta idan ta ji zafi. Hannu na ukun nan ne ke sa abin ya zama raga, ta yaɗu gaba da baya, sama da ƙasa, har mariƙin tukunya gaba ɗayansa ya zama kusan ƙwaya ɗaya tak.

Masana'antu na dafa shi iri biyu. Idan fomaldihaid ya fi yawa kuma aka sa sinadari mai kaifin toka, ana samun resol, wanda zafi kaɗai ya ishe shi ya daskare. Idan finol ya fi yawa kuma aka sa asid, ana samun nobolak, wanda ke tsayawa a gajerun sarƙoƙi har sai an ƙara masa wani farin gari mai suna heksamin an gasa.

To, ina matsalar take? Ƙaron finol zalla yana da gautsi. Ku yar da tsohon soket a siminti ku gani, ballewa yake yi kamar kasko. Finol ɗin kansa daga man fetur ake samunsa a yau, farashinsa na bin farashin mai. Fomaldihaid kuma guba ne, hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar tun 2004. Shi ya sa da wuya a ga masana'antar da ke amfani da girkin Baekeland yadda ya bar shi. Kowa na yi masa gauraye gwargwadon bukatarsa.

Gaurayen da ya fi kusa da mu shi ne man ɓawon yazawa, wato kashu. Duk wanda ya taɓa gasa ƙwallon kashu a garwashi ya san shi: ɓawon na tsartuwa, wani baƙin mai na fitowa yana kamawa da wuta, hayaƙi na shaƙe maƙogwaro, idan kuwa man ya taɓa yatsa sai fata ta saɓule bayan kwana biyu. Wannan man da yara ke gudu dangin finol ne na jini. Idan aka dafa shi yana komawa wani sinadari mai suna kadanol, wato zoben finol ɗin nan dai, amma da doguwar jela mai kabon 15. Jelar tana shiga tsakanin zobba ta zama kamar matashi, sai ragar ta sami damar ɗan lanƙwasawa maimakon ta balle. Masu yin birkin mota sun daɗe suna amfani da shi saboda haka. Najeriya na noma kashu mai yawa a jihohi irin su Kogi da Kwara da Oyo, amma mafi yawansa ɗanye ake loda shi zuwa Indiya da Biyetnam, ɓawon da mansa duk su tafi tare. Abin yana ci mini rai, don ba ƙwallon kaɗai muke sayarwa da araha ba.

Akwai kuma tanin, sinadarin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi tun kaka da kakanni. Shi ma tarin zobban finol ne. A Afirka ta Kudu ana tatso shi daga ɓawon wata itaciya ƴar'uwar bagaruwa a yi gam ɗin katako. Akwai lignin, abin da ke ba itace tauri, wanda masana'antun takarda ke fitarwa da yawa. Masu neman juriyar wuta kuma sukan ƙara boron ko silikon.

Duk wanda ya yi irin wannan gauraye, tambaya ɗaya ce ke jiransa: abin da na zuba ya kama hannu da ragar, ko dai raɓewa kawai ya yi a cikin ramukanta? Bambancin babba ne. Man da ya shiga gini yana nan har abada. Wanda ya raɓe kuwa, ranar da birki ya yi zafi a gangaren dutse zai tsatso waje, ya rage kamun. Lignin da bai kama ba cika ciki ne kawai, gam ɗin zai saki idan damina ta yi nisa. A ido duka biyun baƙar roba ce mai sheƙi, ba mai iya rarrabewa.

Hanyar da masanin sinadarai ya saba bi ita ce ya narka abu a ruwa, ya tace, ya rarraba, ya auna. Ga shi wannan ya ƙi narkewa. Hasken eksire yana tona asirin abubuwan da ƙwayoyinsu ke jere sahu-sahu kamar gishiri, amma ragar finol a hargitse take, ba ta ba shi komai sai dishi-dishi. Saboda haka shekaru da yawa ana aiki ne da gwaji: a sauya girki, a gasa, a karya, a ƙona, a ga wanne ya fi. Ana samun abin da ake so, amma dalilin sai dai a yi hasashe.

Kayan aiki na farko da ya taimaka shi ne hasken infared. Kowane haɗi tsakanin ƙwayoyin zarra biyu yana rawa da nasa saurin, yana kuma shanye hasken da ya yi daidai da rawarsa. Ana niƙa ɗan guntun robar, a matse garin a kan wani ɗan lu'ulu'u, cikin minti ɗaya na'ura ta zana layi mai kwaruruka. Kwari mai faɗi wajen lamba 3300 na oksijin da haidurojin ne, na wajen 2900 na kabon da haidurojin irin na gada ko na jela. Yana da sauri, yana da sauƙin kuɗi. Sai dai a ƙaron finol kwarurukan na hawa kan juna, sai ya gaya maka su wa ke cikin gidan amma ya kasa faɗin wa ke riƙe da hannun wa.

Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne NMR. Duk wanda ya taɓa shiga na'urar MRI a asibiti ya gamu da ƙanensa, don ilimin ɗaya ne. Felix Bloch da Edward Purcell suka gano shi, kowa da nasa ayarin, suka wallafa a 1946, aka ba su lambar Nobel a 1952. Cibiyar wasu ƙwayoyin zarra tana da ɗan halin maganaɗisu. Idan aka sa su cikin babban maganaɗisu aka buga musu igiyar rediyo, sai su amsa da tasu muryar. Abin da ya sa wannan ya zama taska shi ne muryar na sauyawa gwargwadon maƙwabta. Ku tuna kalangu: fata ɗaya ce, amma yadda makaɗi ya matse tsarkiya a hammata haka sautin ke hawa ko sauka. Kabon da ke jikin oksijin da kabon da ke zaman gada duk kabon ne, amma matsin da kowanne ke ciki daban, don haka muryarsu daban.

Maganaɗisun da ake wannan aiki da shi ba ƙarami ba ne. Wanda aka fi gani a ɗakunan bincike yana da ƙarfin tesla 9.4, ya ninka na MRI ɗin yawancin asibitoci, mai tesla 1.5, fiye da sau shida. Nannaɗen waya ne a cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Ba a matsa kusa da shi da makulli ko waya a aljihu.

A cikin ruwa NMR na aiki lafiya lau, domin ƙwayoyi na jujjuyawa da gudu ta kowace fuska, sai kowane irin kabon ya ba da murya ɗaya siririya. A cikin abu mai tauri kowace ƙwaya ta kafe inda take, wannan ta fuskanci gabas, waccan kudu, kuma muryar na sauyawa da fuskar da aka kalla. Abin da ke fitowa sai ya zama kamar hayaniyar kasuwa daga nesa, tudu ɗaya mai faɗi wanda ba a tsintar komai a cikinsa.

Maganin da aka samo yana burge ni har yau. Raymond Andrew a Birtaniya a 1958, da Irving Lowe a Amurka a 1959, suka nuna cewa tunda ƙwayoyin sun ƙi juyawa, sai a juya samfurin gaba ɗaya, amma a karkace, a kan digiri 54.7 daga tsayuwar maganaɗisun. Ku ɗauki ƙwayar magi, ku soke ta da allura daga wata kusurwa ta sama zuwa kusurwar ƙasa da ta fi nisa da ita. Karkatar allurar nan daga gefen magin ita ce digiri 54.7. Idan kuka murza allurar, tsawo da faɗi da tsayin magin duk za su riƙa karɓar wurin juna daidai wa daida, babu fuskar da ta fi wata. Haka bambancin fuska ke shafewa a cikin samfurin. Masana da kansu suka sa mata suna kusurwar sihiri.

A aikace, ana niƙa robar ta yi laushi, a ɗura garin cikin wani ɗan bututun farin tangaran mai kaurin milimita 4, bai kai rabin tsawon ashana ba. Ana danna garin a hankali, kaɗan-kaɗan, don idan gefe ɗaya ya fi nauyi bututun zai yi tangaɗi ya fashe a cikin na'ura. Murfinsa na da ƴan haƙora kamar farfela. Iska ce ke ɗaga shi, iska ce ke kaɗa shi, ya riƙa juyi kamar katantanwa sau 10,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, ba ya taɓa komai.

Da sauran rina a kaba. Kabon ɗin da ke da murya, mai lamba 13, kashi 1.1 ne kacal cikin 100 na kabon ɗin duniya, sauran duk bebaye ne. Muryarsa ma ƙasa-ƙasa take, kuma bayan kowace amsa sai an jira shi ya huta. A farkon shekarun 1970 Alexander Pines da John Waugh da abokin aikinsu a jami'ar MIT suka nuna yadda za a ara wa kabon ƙarfi daga haidurojin da ke kusa da shi, wanda ya fi shi ƙarfi kusan sau huɗu kuma ya fi shi saurin hutawa. A 1976 Jacob Schaefer da Edward Stejskal na kamfanin Monsanto suka haɗa dabarun wuri ɗaya: juyi a kusurwar sihiri, aron ƙarfi, da toshe surutun haidurojin lokacin saurare. Ba a daɗe ba, a 1980, Colin Fyfe da abokan aikinsa a Kanada suka gwada hanyar a kan daskararren ƙaron finol. Shekara 73 bayan Baekeland, aka ji muryar cikin abin da ya ƙera.

Sakamakon zane ne mai tsaunuka a kan layi mai lambobi daga 0 zuwa wajen 200, ma'aunin ana ce masa ppm. Tsaunin wajen 150 zuwa 155 na kabon da ke ɗauke da oksijin ne a jikin zobe. Babban tsaunin wajen 130 na sauran zoben ne. Na wajen 115 shi ne hannun oto da bai kama kowa ba, kuma yadda yake raguwa idan ana ƙara gashi shi ke nuna ragar na cika. Gadoji suna can ƙasa, kuma har irinsu ana rarrabewa: oto da oto wajen 30, oto da fara wajen 35, fara da fara wajen 40. Idan aka ga tsauni wajen 60 zuwa 65, fomaldihaid ne ya kama zobe ɗaya bai sami na biyu ba, wato gashi bai kai ba. Na wajen 70 kuwa gada ce mai oksijin a tsakiya, wadda ba ta da ƙarko, tana iya karyewa da zafi ta saki fomaldihaid. Ga mai yin katakon da za a sa a ɗakin kwana, wannan ɗan tsaunin ba abin rainawa ba ne.

A kan gauraye ne aikin ke neman natsuwa. Lignin yana da tambari wajen 56. Ganinsa na tabbatar da lignin na ciki, amma bai ce ya kama hannu ba, kuma na sha ganin an yi saurin yanke hukunci daga nan. Mai bincike na ƙwarai zai wanke garin da sinadarin da ke narka lignin ɗin da ke sake, ya sake aunawa ya ga abin da ya rage, sannan ya duba ko hannayen lignin da ke a buɗe sun ragu. Man kashu ma yana da nasa tarkon: jelarsa na ba da ƙaton tsauni wajen 30, daidai inda gadar oto da oto take, sai ya rufe ta. A nan akan yi amfani da wata dabara, a ɗan saki surutun haidurojin na ƙiftawar ido kafin a saurara. Kabon da ke kafe kuma yana ɗauke da haidurojin, irin na gada, sai ya yi shiru. Wanda ba ya ɗauke da shi, da wanda ke motsi kamar jela, su suke saura. Haka kuma idan aka auna saurin hutawar haidurojin a ɓangaren finol da ɓangaren baƙon aka ga ɗaya ne, to sun cakuɗu har zuwa tazarar ƴan nanomita. Idan kowa da nasa saurin, kowa ya ware unguwarsa ke nan.

Ba kabon kaɗai ake saurare ba. Boron mai lamba 11 yana da murya mai ƙarfi, yana faɗin ko hannu uku yake riƙe da su ko huɗu, wanda ke taimakawa a gane ko ya shiga ragar ko yana zaune a matsayin garin asid ɗinsa. Silikon mai lamba 29 yana faɗin yawan ƴan'uwansa da ya haɗu da su ta hanyar oksijin. A shekarun 1980 Gary Maciel da ɗalibansa a Jami'ar Jihar Colorado suka bi sawun heksamin da aka ƙera da naitirojin mai lamba 15, suka nuna cewa naitirojin ɗin ba ya ficewa nan take. Yana fara zama cikin gadoji da ƙananan zobba na wucin gadi, sai zafi ya ƙaru suke rushewa su bar gadar kabon. Wannan ya bayyana wa masana'antu dalilin da ya sa tsawon gashi da zafinsa ke sauya halin kaya ko da girkin bai sauya ba.

Hanyar na da iyakarta. Aron ƙarfi ba ya raba daidai: kabon da ke kusa da haidurojin ya fi samu, don haka tsayin tsauni ba shi ne yawan abu ba. Mai son ƙidaya ta gaskiya sai ya bar aron, ya yi haƙurin jiran kabon ya huta da kansa, awon da zai ɗauki awa biyu ya koma kwana guda. Juyin ma kan haifar da tsaunukan amsa-kuwwa a gefe da gefe, waɗanda sabon shiga zai ɗauka na gaske ne. Ana gane su idan aka sauya saurin juyi, don su suna matsawa, na gaske ba sa motsi. Ga kuma tsada: ruwan naitirojin kusan kowane mako, ruwan hiliyam bayan ƴan watanni, ba fashi. A ganina jami'o'in da ke son binciken man kashu da bagaruwa gara su haɗa ƙarfi a kan na'ura ɗaya da za a kula da ita da kyau, kowa ya riƙa tace samfuransa da infared a gida kafin ya aika waɗanda suka cancanta.

Ana bin robar da wannan na'ura har cikin wuta. A gasa guntaye a zafi daban-daban, a auna kowanne. A iska, gadoji na fara shan oksijin, sababbin tsaunuka su ɓullo can sama wajen 190. Inda babu iska kuwa gadojin na karyewa, zobba na mannewa da juna, tsaunukan na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage guda mai faɗi kusa da 130, wato gawayi. Fiye da rabin nauyin ƙaron finol ke saura a matsayin gawayin nan, kuma boron da ya kama hannu yana ƙara yawansa. Wannan halin ne ya sa hukumar NASA ta jiƙa zaren kabon da ƙaron finol ta yi garkuwar zafi mai suna PICA. A ranar 15 ga Janairun 2006 kwanson kumbon Stardust, ɗauke da ƙurar tauraruwa mai wutsiya, ya faɗo cikin iskar duniya da gudun kilomita 12.9 a daƙiƙa. Fuskar garkuwar ta ƙone ta yi gawayi, gawayin ya tare zafin, kwanson ya sauka a hamadar Utah da ƙurarsa lafiya. Irin wannan garkuwar ce ta sauke motar bincike ta Curiosity a duniyar Mars a 2012.